Cigiyar Ɗanjuma a Majalisar Turkawa

Bana Sha'aban ya faɗo a tsakiyar sanyi, ni kuwa halina ba ya canzawa, sai watan ya kama nake tuna akwai ramuwar azumi a kaina. Jiya da la'asar ina kwance a falo cikin bargo, yunwa ta fara murɗa mini ciki, yara suna ta tsallake ni, ƙanwar maigidana tana waya da ƙarfinta na gado, shi kuma Malam ya kunna talabijin yana kallon zaman majalisarmu ta Abuja, yana ba su amsa ɗaya bayan ɗaya sai ka ce jin sa suke yi. Na daka tsawa na ce a rage mini hayaniya, azumi nake yi. Aka yi tsit. To wannan shirun shi ya ɗauke ni daga Funtuwa ya kai ni Alƙahira, shekarar da nake hawa bene da ƙafata in je neman hayaniya.

A ƙarshen 2013 ne. Malam yana karatun addini a can, ni kuma ina biye da shi, amarya ta shekara ɗaya da 'yan watanni. Mun kama ɗaki da falo a unguwar Ard al-Liwa saboda nan ne haya take da sauƙi, a wani dogon gida da rana ba ta taɓa leƙa tagarsa ba. Makarantarsu kuwa tana can ɗaya gefen garin. Ga shi a lokacin garin ba lafiya, yau a rufe wannan hanya gobe a rufe waccan, kuma idan aka cika rasa ɗalibi a masaukin ɗalibai sai a ba wani gurbinsa. Saboda haka a can yake kwana. Sai daren Juma'a yake zuwa, Asabar da safe ya koma. Sauran kwanakin ni kaɗai ce, ni da bango.

Abin da ya jawo ramuwar shi ne na haihu a farkon azumin shekarar. Namiji ne, bai kai ranar suna ba ya koma. Ban ga inda aka kai shi ba. Da a gida ne da ina ɗakin mahaifiyata, ana dafa mini ruwan wanka da ganyen darbejiya, ana dama mini kunun kanwa, mata suna shigowa suna fita. A can kuwa ni nake ɗora ruwa a buta, in zuba a bokiti, in yi wankan jegon ɗan da babu shi. Idan na kira gida sai a ce in yi haƙuri, in ce to, kati ya ƙare. Haka watan azumi ya wuce ni gaba ɗayansa, ina jin sa ta taga kawai.

Da sanyi ya shigo, yini ya gajarta, sai na ɗaura niyyar ramawa. Wanda bai taɓa ramuwa a baƙon gari ba ba zai gane ba. Azumin watan Ramadan kowa yana tare da kai, har wanda ba ya yi yana ɓoye bakinsa. Na ramuwa kuwa kai kaɗai ne. In tashi sahur unguwa duk tana barci, in ci burodi da shayi a tsaye. Da hantsi ƙamshin ta'amiyya, wato ƙosansu, da mai suyar ƙasan gidanmu yake yi ya hauro ya cika mini ɗaki. Ƙishirwa babu ita sosai, amma sanyin Alƙahira mugu ne. Gidajensu don zafi aka gina su, ƙasa duk tayil, bango yana tsatsar da danshi. Da la'asar, idan ciki ya zama wayam, sanyin sai ya bi ta tafin ƙafa ya shige ƙashi. Safar Malam nake sakawa biyu a haɗe, duk da haka yatsuna ba nawa ba ne. In aka kira magariba in ce bismillah in kai dabino baki, babu mai ce mini an sha ruwa lafiya. Na yi kuka a kan wannan fiye da sau ɗaya, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ana cikin haka na lura da wata hayaniya daga saman ɗakina. Bayan azahar take farawa. Maza ne suke ta ɗaga murya da wani yare da ba Larabci ba, ba Turanci ba, can a buga ƙararrawa, can a yi tafi, can a dinga dukan tebur. Ni da nake neman barci ya rage mini yini, abin ya ishe ni. Na sauka na sami bawwab, wato maigadin gidan, na kai ƙara da guntun Larabcina, na ce baƙin da ke samana kullum cikin faɗa suke. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ai babu kowa a can sai wata tsohuwa 'yar Sudan, ita kaɗai.

Kwana kaɗan bayan haka ina shanya a baranda sai ga kwando yana saukowa ta gabana da igiya, irin wanda matan can suke zura wa mai shago ya saka musu kaya. Da zai koma sama ya maƙale a igiyar shanyata. Aka ja, aka ja, ya ƙi. Sai na ji daga sama an ce, "Kai wannan kwando, Allah ya shirye ka." Da Hausa. Na leƙa sama, ita ma ta leƙo ƙasa, na ce, "Sannu Inna, bari in cire miki." Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in hauro da shi da hannuna.

Sunanta Hajja Asha. Doguwa ce, baƙa, ta naɗe jikinta da tob irin na matan Sudan, kunnenta ɗaya ya yi nauyi, ga ciwon suga. Hausarta tsohuwa ce, ta gauraye da Larabci, wasu kalmomin rabona da jin su tun kakata tana da rai. A Gadarif aka haife ta. Kakanninta daga ƙasar Sakkwato suka taso a ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Autanta Ɗanjuma shi ya kawo ta Masar neman magani, yana ɗinkin jakunkuna yana riƙe da ita. Da ya ga abin ba ya isa sai ya bi wasu samari zuwa Turkiyya, ya ce wata shida zai yi ya aiko a ɗauke ta. Da farko yana kira duk Juma'a. Daga baya kiran ya yi nisa da juna, daga nan ya ɗauke ɗif. Lambarsa ba ta shiga. 'Yan uwanta na Gadarif suna ta cewa ta koma gida, ta ce ba ta barin ɗakin da ya bar ta a ciki.

Hayaniyar kuwa daga talabijin take. Da kiran Ɗanjuma ya ɗauke, sai ta sa aka kira mata mai gyaran dish, ta ce ya juya mata shi ya kalli Turkiyya. Ya hau rufin gida ya juya, ya sauko yana wuce mata tashoshi. Fina-finai ta ce ƙarya ce, masu waƙa ta ce a wuce, ƙwallo ta ce ba shi ya dame ta ba. Sai aka zo kan wani ƙaton zaure mai kujeru ja-ja, cike da manyan mutane masu kwat, ɗaya a tsaye yana magana. Ta tambaya, mai dish ya ce majalisar ƙasar ce. Ta ce ya tsaya nan, kada ya ƙara taɓawa.

Na ce, "Inna, kina jin yarensu ne?"

Ta ce, "Ba yarensu nake saurare ba, ya bitti, ɗiyata. Suna nake saurare. A Gadarif idan mutum ya ɓata, gaban sarkin Hausawa ake kai cigiyarsa, a faɗa a majalisa kowa ya ji. Waɗannan su ne manyan ƙasar. Baƙo ya ɓata a ƙasarsu, ina za a kai maganar in ba gabansu ba?"

Ta ƙara da cewa sunan ɗanta babu Baturken da yake da irinsa, duk ranar da aka ambata ba zai wuce mu ba. Na lura da ta ce mu. Raina ya so in yi dariya, don ko ni da ban yi nisa a boko ba na san 'yan majalisa ba cigiya suke yi ba, na gida ma ba su san da zamanmu ba balle na wata ƙasa. Amma ɗakin yana da ɗumi, yana ƙamshin turaren wuta da gahawa, ga muryoyin mutane. Na gyara zama. Muka raba aiki: ita da kunnenta ya yi nauyi za ta duba fuskoki, ko za a hasko shi a cikin masu kallo, ni mai kunne in saurari sunan.

Talata, Laraba da Alhamis suke zama. Da na idar da azahar sai in ɗauki bargona in hau. Mu shimfiɗa tire a tsakaninmu muna tsintar adas, wani ɗan mitsitsin wake da suke miya da shi, ko muna dakan busasshiyar kuɓewa a ɗan turminta na ƙarfe, a hankali don kada ƙarar ta rufe magana. Ita ba ta azumi saboda suga, amma tun ranar da ta san ina yi ta daina shan gahawarta a gabana, sai ta shiga kicin ta kurɓa ta fito tana goge baki, wai ita a dole ban gani ba. Kafin la'asar ta tuƙa asida, wadda tuwo ce dai da wani suna, ta kaɗa miyar kuɓewa. In aka kira magariba ta rage muryar talabijin, ba ta kashewa, ta miƙo mini dabino da ruwan ɗumi ta ce, "Taƙabbalallahu, ɗiyata." Wannan kalmar kaɗai ta isa ta hau da ni bene.

Sannu a hankali muka san mutanen. Akwai wani mai sanƙo da ba ya magana sai da nuna yatsa, muka sa masa Sarkin Faɗa. Akwai wata mace da takan zauna a can sama a kujerar shugaba da ƙararrawarta, wadda idan mutum ya cika surutu sai ta kashe masa lasifika ya ci gaba da motsa baki a banza. Hajja tana sonta ƙwarai, ta ce wannan da a gidansu aka aure ta da an ga tsari. Akwai mai kawo ruwa, duk wanda zai hau magana sai ya canza masa kofi, ni kuwa mai azumi idona yana kan kofin nan, ina jin haushin wanda zai sauka bai ko kurɓa ba. Wata rana faɗa ya kaure har aka ci kwalar juna. Hajja ta tafa hannu ta ce manya da su, ko kunyar baƙi ba sa ji.

Abu ɗaya ne yake ƙona mata rai. Ƙarfe bakwai na yamma tana cika, ko mutum yana tsakiyar magana, bakinsa a buɗe, sai hoton ya ɗauke, sai ga 'yan ƙwallo ko 'yan kokawa. Kullum haka. Ga shi kowa yana gani ba a tashi zaman ba. Hajja ta yanke hukunci cewa maganar talakawa da baƙi ita ake bari ƙarshe, sai an gama ta manya, kuma daidai lokacin ne ake rufe mana ƙofa. Takan zauna tana kallon 'yan ƙwallon da ba ta san su ba na ɗan lokaci, ko za a dawo. Ba a dawowa. Sai in tattara kwanuka in wanke, in yi mata sai da safe, in sauka ɗakina mai sanyi.

Ban san lokacin da na mayar da ramuwata ranakun zaman majalisa ba. Da na fara a jere nake yi don in gama da wuri, sai na koma Talata, Laraba, Alhamis, sauran kwanakin in sha. Malam ya tambaye ni a wane littafi na karanta wannan tsarin, shi dai Litinin da Alhamis ya sani. Na ce masa a littafin Turkawa. Gaskiyar ita ce ba na son ramuwar ta ƙare, kuma ba na iya yin ta a ranar da babu wanda zai miƙo mini dabino.

Sai gas ya yi wuya. Masu yawo da tukwanen gas a kan keke suna buga su da ƙarfe, waɗanda da suke hana mu sakat, suka ɓace. In an ji ƙarar ɗaya daga nesa sai ka ga mata suna leƙowa ta kowace baranda suna kira, kafin ya iso layinmu ya sayar. Tukunyar Hajja ta ƙare. Na mirgina tawa, matakala bayan matakala, ina hutawa, har na kai ta sama, cikina da bai gama warkewa ba yana ja. Daga ranar girkinmu ya zama ɗaya. Ruwan wanka ma a can nake ɗorawa in sauko da shi. Wuta kuma ana ɗaukewa ba sallama, in ta tafi ana tsakiyar zama sai Hajja ta ɗora hannu a ka ta ce wa ya sani ko yanzu ne ake faɗa.

A tsakiyar Disamba aka yi wani sanyi da tsofaffin Misirawa suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Ruwa ya yini yana zuba, da ƙanƙara, har aka ce a gefen gari ta kwanta fari fat a kan motoci. Lungunan Ard al-Liwa suka zama taɓo, tuktuk, Keke Napep ɗinsu, yana wucewa yana fesa wa mutane. Numfashi kana ganin sa a cikin ɗaki. Muka toshe ƙasan ƙofa da tsummoki, muka shiga bargo ɗaya ni da ita, kwanon adas mai zafi a cinyata kafin a sha ruwa, don ɗuminsa kawai. A wannan makon ne abin mamaki ya faru. Bakwai ta yi, hoton bai ɗauke ba. Bakwai ta wuce, suna nan suna magana. Washegari ma haka, har ranakun da ba su saba zama ba suka zauna.

Hajja ta tashi ta ɗauro sabon tob ɗinta mai ruwan goro, ta fesa turare, ta dawo ta zauna daf da talabijin. Ta ce Allah ya karɓi addu'a, an buɗe ƙofar, yanzu za a kai ga maganar baƙi. Ni in na yi isha nakan sauka, amma ita ba ta tashi sai sun tashi. Da safe in same ta ido ja, abincin jiya yana nan a rufe, maganinta ba ta sha ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ce bayan an faɗa za ta ci. Ana haka wata safiya na tarar da ita a ƙasa kusa da ƙofar kicin, gumi yana karyo mata a cikin wannan sanyin, tana kiran Ɗanjuma ya kawo mata ruwa. Ni da matar bawwab muka ɗaga ta, muka ɗura mata ruwan sukari har ta dawo hayyacinta. Na tsorata ƙwarai.

Da Malam ya zo na ba shi labari tun daga farko. Ya ce wannan ba abin da za a zuba wa ido ba ne, tsohuwa za ta kashe kanta a kan abin da babu shi. Akwai wani abokin karatunsa Baturke, Malam Yusuf, wanda yake shirin komawa gida, don a lokacin tsakanin ƙasarsu da Masar ya yi tsami, ɗalibansu da yawa suna tattara kaya. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya zo da shi. Siririn saurayi ne mai kunya, ya cire takalmi tun daga matakala. Hajja ta rasa inda za ta saka shi don murna. Ta dafa gahawa da citta, ta fito da dabinon da take ɓoyo. Ni ina bakin ƙofar kicin ina ji, Malam yana yi musu tafinta inda Larabcinsu ya ƙi haɗuwa.

Da ya ga abin da ke talabijin sai ya yi murmushi, ya ce tashar da mahaifinsa ya fi kallo ke nan. Ya ce yana yaro ƙarami aka buɗe ta, don mutanen ƙasa su ga abin da wakilansu suke yi da idonsu, kuma tun asali ba ta da gidan kanta, aron lokaci take yi a tashar wasanni, shi ya sa 'yan ƙwallo suke karɓe wuri. Da, in ji shi, ana nuna zaman har a tashi. Shekara biyu da suka wuce aka mayar da shi zuwa bakwai, kuma har yanzu wasu suna ƙorafi cewa muhimman abubuwa sai an kashe kyamara ake yin su. Hajja ta juyo ta kalle ni ta ce, "Kin ji ko? Me na gaya miki?" Ya ce wannan makon kuwa kasafin kuɗin shekara ake yi, shi ne ake nunawa har ƙarshe. Wanda ke tsaye yanzu maganar hanyoyin mota yake yi.

Sai ta gyara zama ta tambaye shi kai tsaye, yaushe ake karanta cigiyar waɗanda suka ɓata. Bai gane ba sai da Malam ya yi masa bayani. Na ga kunnuwansa sun yi ja. Ya kalli Malam, ya kalli kofin da ke hannunsa, sannan ya ce, "Ya ummi, ba a yi a nan. Ba kafin bakwai ba, ba bayan bakwai ba. Ba a taɓa yi ba."

Ta ɗauki butar gahawa ta ƙara masa, alhali kofinsa a cike yake. Shi ma abin ya dame shi. Ya ce akwai unguwar da baƙaƙen fata suke zama a Istanbul, in ya koma zai je da kansa ya bi masallatai da shagunan ɗinki ya tambaya. Ta ɗauko hoton Ɗanjuma ya ɗauka da wayarsa. Ta gaya masa yana da tabon ƙuna a hannun hagu, kuma ba ya cin kifi, ko da za a ba shi. Da suka fita ta miƙa hannu ta kashe talabijin, ta yafa masa ƙyalle.

Ta koma cin abinci, ta koma shan magani, Malam ya ce alhamdulillahi. Amma ɗakin ya mutu. Talata ta zo na hau da azumina, muka zauna muna tsintar adas, babu abin da ake ji sai ƙarar tsakuwa in an jefa ta a murfi. Ta daina ba ni labarin Gadarif. Sabon tob ya koma akwati. Ni kaina na rasa abin da ke damuna, sai na gane kewar mutanen nan nake yi, Sarkin Faɗa da mai ƙararrawa da mai ruwa, mutanen da ba su san an halicce ni ba. Bayan sabuwar shekara na kasa daurewa, na ce, "Inna, a kunna mana mutanenmu mana, shirun ya yi yawa." Ta ce rimot yana kan firij. Na kunna. Suna nan yadda muka bar su, suna ta faɗansu. Ta kalla, amma daga nesa, bayanta a jingine da bango, kuma da bakwai ta yi ita da kanta ta ce in kashe.

Sanyi ya fara sassautawa, ramuwata ta kusa ƙarewa, sai ga saƙon Malam Yusuf ta wayar Malam. Ya cika alkawari. Ya sami wani ɗakin ƙasa inda ake ɗinkin jakunkuna, ya sami waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da Ɗanjuma, sun gane hoton. Sun ce tun kafin azumin da ya wuce ya bar Turkiyya, ya bi masu tsallaka ruwa zuwa Girka. Ɗaya ya ce ya ji an gan shi a can. Ɗaya ya ce jirgin da suka shiga babu wanda ya sake jin labarin kowa a cikinsa. Ke nan duk yinin da muka yi muna kasa kunne, duk daren da ta hana kanta barci, ƙasar da muke kallo ba ya cikinta. Malam ya ce ni zan gaya mata, wai maganar mata ce. Malamai akwai iya raba aiki.

Na riƙe maganar har Talata, ranar ramuwata ta ƙarshe. Na hau da la'asar, na same ta tana kaɗa miya, majalisa tana ta yi ƙasa-ƙasa. Na ce ta zauna. Na faɗa mata duka, abin da na farko ya ce da abin da na biyu ya ce, ban rage ba ban ƙara ba, na matsa kusa da kunnenta mai ji don kada in maimaita. Na san zafin rashin sanin inda ɗanka yake kwance, kuma da na iya ɗauke mata da na ɗauke.

Ta daɗe tana kallon talabijin. Mai sanƙon nan ne a tsaye yana nuna yatsa. Can ta tambaye ni Girka ta wane gefe take. Ban sani ba, na nuna wajen baranda, inda ba a ganin komai sai bangon maƙwabta da shanyarsu. Ta juya ta kalli wurin. Aka kira magariba, ba ta tuna da dabino ba, ni ma ban tashi na ɗauka ba.

Ta ce, "Su ma can suna da majalisa?"

Tana nan zaune ranar da Malam Yusuf ya yi bayani, ta ji da kunnenta, kuma ta san na san ta ji. Na kalli fuskarta.

Na ce, "Suna da ita, Inna."

Ta ce, "To gobe da safe ki kira mini mai dish."

Washegari ko karyawa ban yi ba na sauka na kira shi.